Tulun da Mahaifiyata Ta Ƙwanƙwasa

Zuwa ga Shugaban gidan tarihin da ke nuna kayan Girkawa da Rumawan dā a nan Doha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar jinya ce a unguwar Al-Sadd, kuma raina a ɓace yake.

Asabar ɗin da ta wuce na kawo mahaifiyata, wadda ta zo mini ziyara daga Zariya, ta ga kayan nan. Gumakan da ba sutura, kau da kai ta yi tana istigfari. Da muka iso wajen tulunan ƙasa kuwa sai fuskarta ta washe. Akwai wani mai dogon wuya da hannu biyu, kun ɗora shi a fili, ba gilashi, ba igiya. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa shi. Haka matan garinmu suke yi wa tulu su ji ko ya gasu. Nan take ƙararrawa ta ɗauka.

Mai gadin ɗakin, Malam Sabi'u, Bahaushe ne da ba mu taɓa gani ba. Ya rusuna ya gaishe ta, ya yi mata bayani da harshen da take ji, ya janye ta a hankali. Jiya nake jin kun dakatar da shi, wai ya bar mutanensa suna taɓa kaya, har kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya kawo shi ƙasar nan aiki, na shirin mayar da shi gida.

Na farko, tulun lafiyarsa lau, ma'aikatanku sun duba a gabanmu.

Na biyu, me kuka so ya yi? Ya daka wa sa'ar uwarsa tsawa? Ya fizge ta? Da a ce da Turanci ya yi mata magana, da kun ce ya yi aikinsa. Hausar ce ta tsone muku ido, kuma wallahi wannan zalunci ne.

Na uku, wanda ya ajiye tulun a fili yana nan daram a ofishinsa.

Ina roƙonka ka mayar da Malam Sabi'u bakin aikinsa, ka sa wa tulunanku shinge. In wanda za a hukunta ake nema, ni na kawo ta, a hana ni shiga har abada.

Tun da tsohuwar nan ta ji labari ta kasa cin abinci. Cewa take ta raba 'ya'yan bawan Allah da tuwonsu, kuma ta rantse ba za ta hau jirgin gida ba sai ta gan shi a bakin ƙofarku da kayan aikinsa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka yi adalci.

Wassalam.

Ramatu, 'yar Hajiya Ladi,
Al-Sadd, Doha.