Kwabon Jirgi Ba Zai Koma Ingila Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƴa ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara guda ke nan da rasuwarki, ga shi wasiƙata ta farko ƙara na kawo miki: Yaya Sani yana so ya sayar da kwabon jirgi.

Kin san wanda nake nufi. Jan ƙarfen nan da ya yi baƙi, jirgin ruwa a gefe guda, kan wani Bature mai dogon hanci a ɗaya gefen. Wanda kike ɓoyewa a ƙasan kwalla, ki naɗe a tsumma ki ɗaura wa duk jaririn da cibiyarsa ta turo. Mu bakwai kika haifa, huɗu mun ɗanɗana shi. Har Mama Ngozi mai ɗinki, maƙwabciyarmu a Sabon Gari, sai da ta aro wa ƴan biyunta.

Ke kika ba mu labarin cewa babanki kuku ne a gidan wani Bature mai kanti. Ranar da Baturen zai koma ƙasarsu ya damƙa masa shi a matsayin tukuici, ya kai kasuwa aka ƙi karɓa. Shi ya sa in kina ƙulla tsumman kike cewa, "Sun cuci babana, to ɗan'uwansu ya biya da aiki."

Da na fara aiki a ɗakin karatu a Samaru, na binciko asalinsa. Ashe ba ma kuɗin gwamnati ba ne. Ƴan kasuwar Ingila ne suka riƙa buga irinsa don ba da canji, suna zana jirage don alfahari da yaƙin da suka ci a teku. Inna, ranar na yi dariya har da hawaye. Wai gwarzon teku, ya zo ya ƙare a kan cibiyar Yaya Sani, cikin man kaɗanya da fitsari!

Tun daga nan na shiga neman ƴan'uwansa. Ina bin ƴan gwangwan da masu tsofaffin kaya, shekara da shekaru, har na tara goma sha ɗaya. A kasuwa Hajiya Tsatsa suke kirana. Ko a jikina.

Kuskuren da na yi shi ne na sa hotonsu a waya. Wani dillali daga Legas ya gani, ya zagaye ni ya je wurin Yaya, wai akwai mai nema a Ingila. Yaya ya zo yana kumfar baki, wai kayan gado ne, kuma me zan yi da tarkacen ƴan mulkin mallaka? Na ce in gado ne a cire a kasona. Na ce dillali ya kwashi sha ɗayan nan duka. Ya ce dillalin naki kaɗai yake so.

To, ba zai samu ba! Wallahi raina ya ɓaci, Inna. Sun ba kakanmu abin banza, ke kika mayar da shi abin amfani, yanzu da ya yi daraja sai a ce a mayar musu? Wata uku Yaya bai amsa gaisuwata ba.

Juma'ar da ta wuce sai ga shi da kansa, yana ta gyara hula. An yi masa jika ta fari, an sa mata sunanki, kuma cibiyarta ta turo. Likita a asibitin Shika ya ce a ƙyale ta, da kanta za ta koma, ni ma na san gaskiyar likita ce. Amma Yaya ya sunkuyar da kai ya ce shi dai yana so a yi yadda Inna take yi, ko na yini ɗaya ne. In ba shi aro.

Na ce kwabo ba ya fita daga gidan nan, a kawo yarinya.

Ya kawo ta, shi ya riƙe ta ina ƙullawa. Ban iya ƙullin kamar naki ba. Bai sake ambaton dillali ba, ni ma ban tona ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya raya mana takwararki. Ki kwanta lafiya, Inna, Baturenki ya koma bakin aiki.

Taki mai taurin kai,
Binta