Kujerar Dogo

Litinin, 3 ga Maris
Yau na yi tsokanar da ta fi ta kullum. Dogo, mai shagon askin da ke kallon nawa, ya liƙa takarda a ƙofarsa wai "Askin Zamani", kamar mu na jahiliyya muke yi. Sai na toshe hanci na kwaikwayi muryar tsoho na ɗauka a waya: "Jama'a ku yi hattara da kilifar Dogo, ƙeyata duk ta feso da ƙuraje, ko filo ba na iya ɗora kai." Har da tari na ƙara. Mai facin taya na layinmu kaɗai na tura wa. Ya yi dariya har guduma ta faɗo masa a ƙafa.

Laraba, 5 ga Maris
Ashe bakin mai faci rariya ne. Ya jefa saƙon a guruf ɗin unguwa. Yau kwastomomin Dogo suka yi ta tsallakowa wurina. Wani ma ya kunna mini ina tsakiyar gyara masa saje, yana cewa Allah sarki tsoho. Na ce Allah sarki.

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙanwata Auta na ta safa da marwa a tsakar gida tana haddar Turanci, wai muhawara za su yi a makaranta. Na ce wa aljanu take wa huɗuba? Ta ce ita ce ofozishan, ɓangaren da zai musa duk abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa, kuma aminiyarta ce a can. Na ce shi ke nan zumunci ya mutu. Ta ce, "Kai Yaya, kai dai allo." Sai ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Wai ofonent shi ne wanda kuke karawa, ana tashi ku yi musabaha. Raibal kuma wanda kuke neman abu ɗaya, kowa na son ya fi, shi ke hana ka lalaci. Enimi shi ne mai son ganin bayanka.
Na ce ni da Dogo fa? Ta ce raibal mana, tun kuna yara.
Umma ta sako baki daga kicin, wai yaron nan da aka ɓata wa sana'a, duk wanda ya yi masa haka Allah na kallonsa. Auta ta ce wancan kam enimi ne, babu tantama.
Na ce na ƙoshi. Ban ma fara ci ba.

Asabar, 8 ga Maris
Dogo ya fito da benci bakin ƙofa yana goge kilifofinsa da sifirit ɗaya bayan ɗaya, don masu wucewa su gani. Ba wanda ya tsaya. Kullum da safe sai ya ɗaga murya ya ce mini, "Mai fige kaji, an tashi lafiya?" ni kuma in ce, "Lafiya lau, falwaya." Tun Laraba bai ce ba. Shagona cike, amma layin kamar an yi rasuwa.

Talata, 11 ga Maris
Mai faci ya ce Dogo na neman wanda zai sayi kujerar da madubin. Matarsa ga ciki ya tsufa. Na ce masa ai laifinka ne da ka tura. Ya ce shi ya toshe hancin?
Malaminmu na allo ya sha dukana a kan annamimanci. Ina ganin bulalar ce ba ta shiga ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na goge saƙon daga wayata. Kamar hakan zai goge shi daga kunnen mutane.

Alhamis, 13 ga Maris
An kayar da su Auta a muhawarar. Sai ga ta ta shigo riƙe da hannun wadda ta kayar da ita, suna ta shewa, wai wani zangon za ta rama. Na tsaya ina kallonsu kamar sakarai.

Asabar, 15 ga Maris
Ranar cika ce, mutane har waje. Na kashe kilifa na ce kowa ya biyo ni. Na tsallaka titi, na shiga shagon Dogo na zauna a kujerarsa. Ya dube ni ta madubi, ya yafa mini ƙyalle, ya ɗaure wuyan da ƙarfi fiye da kima.
Da jama'a suka cika ƙofa, sai na toshe hanci na yi muryar. "Jama'a, ƙeyata ta warke." Har da tarin.
Wani ya ce la ilaha. Wani tsohon gaske ya ce ɗan banza, a gabana. Mai faci na ɗauka a waya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.
Dogo ya sunkuyo saitin kunnena. "Tun ran farko na san kai ne. Tarin nan ka yi wa Malam ranar da ka gudu daga hadda."
Na ce to me ya hana ka faɗa?
"Ina jira in ga ko kai ne har yanzu."
Ya kunna kilifa. Ban ɗago kai ba har ya gama. Da ya miƙo mini ƙaramin madubi sai na ga ya fitar mini da titi tun daga ƙeya har goshi, tas, kamar an shimfiɗa kwalta. Layin ya ɗauki dariya. Ina tashi mutum biyu suka yi rige-rigen kujerar.

Lahadi, 16 ga Maris
Umma ba ta amsa gaisuwata ba. Auta ta zagaya kaina tana dubawa, ta ce wannan aikin raibal ne, enimi da kunne zai haɗa.
Ina buɗe shago na ji daga tsallake: "Mai fige kaji, ya titi?"
Ban sa hula ba. Zafi ake yi, shi ya sa.