Muryar Gidan Mai Inji

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya maigidan da yara, ya kuma ciwon ƙafar? Mu nan lafiya lau, Inna ta gama umararta ta sauka wurinmu. Sai dai Yaya, gidana na neman watsewa, kuma injin niƙan Baba ne sila, injin da ya shekara ashirin a kashe.

Kin san yadda muka tashi. Tun hantsi inji ke ruri a zaure, mata sun jera ƙorai har bakin rijiya, mu kuma fari fat da gari har gira. Wanda bai ɗaga murya ba a gidanmu, da yunwa zai yini. To har yau ba wanda ya gaya wa Inna an kashe injin. Sannu da aiki kawai ta yi wa matata Layan, sai ga maƙwabcinmu Abdulghaffar a bakin ƙofa yana tambaya ko lafiya.

Layan kuwa haifaffiyar nan ce, Hausarta rabi-rabi, a gidansu ko cokali ba ya ƙara. Ta ɗauka faɗa ake mata safe da yamma. Jiya na tarar ta haɗa akwati, wai halas, shi ke nan, za ta gidansu a Ammariyya har surukarta ta koma. Ita ma Inna ta ja ni gefe, a asirce wai, duk benen yana ji, ta ce me ta yi wa yarinyar nan da take mata magana ƙasa-ƙasa. Kin dai tuna, a gidanmu ba a rage murya sai ana fushi ko an yi rashi. Na yi wa kowacce bayani, ba wadda ta yarda. Wallahi ina son su duka biyun, kuma tsoro nake ji. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Khalil

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, addu'arki ta ci. Layan na markaɗa gyaɗar kunu da ɗan injin kicin, Inna ta shigo ta tsaya mata a ka. Saboda ƙarar, dole Layan ta kwarara murya ta tambaye ta ko ya yi laushi. Yaya, da kin ga fuskar Inna! Ta kashe injin, ta murza markaɗen tsakanin yatsu yadda Baba ke yi, ta ce saura kaɗan, ta rungume ta. Tun daga ranar, in za su yi hira sai su kunna shi. Injina biyu sun ƙone, Abdulghaffar ya daina amsa gaisuwata, amma akwati ya koma saman kabad.

Shekaranjiya muka kai Inna filin jirgi. Ta riƙe hannun Layan ta sa mata albarka a hankali, muryar da ban ji ba tun ranar da Baba ya rasu. Layan ta gane, hawaye suka zubo mata. Inna ta kusa shigewa sai na ji Layan ta tsaga wurin da murya: "Inna, sai kin dawo!" Har ma'aikata suka waiwayo. Ni dai na tsaya a gefenta kai a sama, na san na auri 'yar gida.

Ki gaishe da kowa, da ƙarfi.

Ƙaninki mai kewarki,
Khalil