Shanun Aro Na Sa a Hoto, Yanzu Ɗan Mutane Yana Daji

Assalamu alaikum mai shafi, barka da ƙoƙari, ya iyali, ya haƙuri da jama'a. Don girman Allah a sakaya sunana. Masu karatu kuma ina roƙonku, kafin kowa ya yanke min hukunci ya karanta har ƙarshe. Na san halin wasunku, layi biyu za ku karanta ku hau zagin iyayen mutum. Wanda ya san zagi ne ya kawo shi, ya wuce abinsa. Na riga na zagi kaina iya zagi, shawara nake nema.

Ni ɗan Talata Mafara ne, gidanmu gidan mahauta ne, ni kaɗai na yi nisa a boko. Muna da 'yar ƙungiya da muka kafa don taimakon mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Maradun da Bakura. Masara muke saye mu raba, wani lokaci da tabarmi da magani. Aikina shi ne magana da masu ba da taimako. Akwai guruf a waya da muka tara 'yan garinmu mazauna Abuja da Kano da Legas, ni nake tura masu hotuna da bayani, ni nake roƙo, ni nake godiya. Da farko ana bayarwa, babu laifi. Da rayuwa ta yi tsada sai kowa ya ɗauke wuta. In rubuta saƙo mai tsawo, in ga an karanta, ko amin babu mai cewa. Rannan wani Alhaji a cikinsu ya rubuto wai, "Kullum masara, kullum mata a layi da kwano. Ku nuna mana mutum ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa mana." Ka ji fa! Yana zaune cikin sanyin ofis yana son wanda aka ƙone wa rumbu ya tsaya da ƙafarsa a kan mudun masara. Shugaban ƙungiyarmu ya kira ni ya ce, "Mutane sun gaji da kuka. Ka nemo masu labari mai daɗi, in ba haka ba mu rufe." A lokacin sito ya kusa zama wayam, mata kuma kullum suna bakin ƙofa da goyo. To ina zan samo labari mai daɗi? In haƙo shi daga ƙasa?

Ranar Talata na shiga kara, kasuwar shanu, wajen kawuna, dillalin shanu ne. Yana da wasu bijimai biyu farare ƙosassu da ke jiran tirela. Gefensu na tarar da wani dattijo daga cikin waɗanda muke ba masara, bari in kira shi Baba Ɗanjuma, ba shi ne sunansa ba. Daga wani ƙauye yake bayan Gidan Goga. Shanun huɗarsa aka kore, shi ya sa duk ranar kasuwa yake zuwa kara, ba ya saye ba ya sayarwa, kallo kawai yake yi. Na same shi yana shafa wuyan ɗayan yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Nan Shaiɗan ya zo min. Na ce, "Baba, riƙe igiyar in ɗauke ka hoto." Ya ce, "Hoton mi, ɗana? Ai ba nawa ne ba." Na ce, "Na tarihi ne kawai." Ya gyara hula, ya riƙe igiya, ya yi wani murmushi da ban taɓa ganin ya yi ba. Kafin la'asar na tura hoton a guruf, na rubuta a ƙasa cewa da taimakonku mun saya wa wannan bawan Allah shanun huɗa, bana zai koma gona. Har sunan ƙauyensu na sa don a yarda.

Wallahi kamar an ɓalle famfo. Waɗanda suka yi wata da watanni ba su ce uffan ba suka dinga turowa. Alhajin nan ya yi ta watsa hoton a wasu wurare yana cewa ga aikinmu. Aikinku! Shugaba ya san sarai ba mu sayi ko akuya ba, amma dariya ya yi ya dafa kafaɗata ya ce kaina yana ja. Kuma kafin wani ya ce na ci, ban ci ko sisi ba. Masara aka sayo aka cika sito, gidajen da suka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba suka ɗora. Har na fara gaya wa kaina ai ƙaryar alheri ce.

Abin da ban lissafa ba, 'yan bindigar da ke daji ma suna da waya, kuma suna da masu kai masu rahoto. Baba yana da ɗa magidanci, Sani, mai mata da 'ya'ya, wanda ya ƙi baro ƙauye saboda gona. Bayan sati biyu suka same shi yana noma suka tafi da shi. Suka kira Baba suka ce sun ga an ba shi bijimai biyu ya ɓoye a birni, ya kawo su ya karɓi ɗansa. Ya rantse, ya yi kuka, suka ce ga hoto, ga igiya a hannunsa, ga sunan garinsu, wa zai raina wa hankali?

Da hantsi Baba ya zo ofishinmu, ko sallama bai yi ba. Dattijon da kullum sai ya tambayi lafiyar gidanmu kaf kafin ya zauna. Ya ce, "Kai yaro, mi na yi maka?" Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Kac ce hoton tarihi ne. To ga tarihi nan ya ci ɗana." Kun san me na yi? Ƙarya na ƙara. Na ce ba ni na watsa ba, wani ne ya ɗauka a wayata. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Da ɓarayin da sunka kore min shanu da kai, ban san wa yaf fi cutata ba. Su dai ba su ce min Baba ba." Na rasa inda zan sa fuskata, ga mata cike da ƙofa suna ji. Mafi muni, wasu daga cikin 'yan gudun hijirar sun fara yi masa kallon munafuki, wai an ba shi shanu ya ɓoye yana bin layin masara da su.

Na ruga wajen kawu. Ya ce bijiman tuni suka isa kudu, kuma ko suna nan ba nasa ba ne, na masu su ne. Ya ƙare min tas, ya ce na kunyata gidanmu, kada in ƙara taka masa kara da waya a hannu. Na koma wajen shugaba na ce mu fito mu faɗi gaskiya a guruf, mu roƙi a haɗa a fanso Sani. Mutumin nan da ya dafa kafaɗata ya miƙe tsaye ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ni na aike ka kara? Ni na ce ka yi ƙarya? Ka kuskura ka rubuta wannan maganar, ni zan fara kai ka gaban hukuma. Kana so ka kashe ƙungiya saboda mutum ɗaya?" Na ce mutum ɗayan ba rai ba ne? Ya ce in fita masa daga ofis. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na tsani Alhajin da ba ya ba da sadaka sai an yi masa hoto mai kyau. Amma ni na ɗaga waya, ni na ce riƙe igiya, wannan babu wanda zan ɗora wa.

Ga inda na tsaya. In na fito na ce hoton ƙarya ne, wataƙila maganar ta kai daji su yarda babu shanu su sassauta, wataƙila kuma ko a jikinsu. Abin da na tabbatar, masu bayarwa za su ce dama ɓarayi ne mu, su rufe hannu, matan nan su koma kwana da yunwa, ni kuma sunana ya gama lalacewa a garin nan. In na yi shiru, masara za ta ci gaba da zuwa, Sani kuma waɗanda suka kama shi sun ba da wa'adi zuwa Juma'a. Na rubuta saƙon gaskiyar tun shekaranjiya, yana nan a wayata, na kasa turawa. Tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar tsoron.

Yau da safe na tarar da Baba zaune a ƙofar gidanmu. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Na durƙusa zan gaishe shi ya ɗaga min hannu ya ce, "Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na zo in shaida maka, in sunka kashe Sani, ba ni yi mai wanka. Kai za ka yi mai, da hannunka." Ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.

Yau Laraba. Jama'a, don Allah, ni yanzu me zan yi?