Gangar Noma a Aji Uku

Garin Gulma, daren Laraba, tsakiyar damina

Har yanzu dariya nake. Yau na raba wa 'yan aji uku kayan kiɗa kusurwa-kusurwa: sarewa can, gurmi nan, sai gangar noma da na aro. Kowane rukuni ya zagaya ya taɓa. Hedimasta ya shigo a murtuke, wai hayaniya ce, zai kai ƙarata Sakkwato.

Sai ga manoma bakin taga da fartanyu, sun jiyo ganga. Babbansu ya ce, "Malam, gonar wa aka yi ma gayya?"

Nan take Hedimasta ya nuna musu gonar makaranta da ciyawa ta cinye. Kafin azahar sun nome ta tas, yara na kiɗa.

Da aka tashi ya raɗa mini, "Kar ka mayar da gangar nan tukuna."