Tafiyar da Ba Ka Faɗa wa Kowa Ba

Zuwa ga ƙanena Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya shigo Paris da ƙarfinsa. Inna tana can Damagaram tana fama da gwiwarta. To, gaisuwa ta ƙare. Abin da ya rage faɗa ne, wata tara ina riƙe da shi a ciki.

Bari in fara da albishir, ko da yake ba ka ci a yi maka ba. Matarka Balkisa ta sauka lafiya ranar Lahadi a Bron, gefen birnin Lyon. Namiji ne. Na ga hotonsa, goshinka ne sak, har da kunnuwan nan naka da muke tsokana. Jibi suna, ni kuma gobe zan kama hanyar Lyon da mota, hanyar nan da ka bi. Tun jiya dusar ƙanƙara ke zuba.

Na san za ka ce ga jirgin ƙasa, awa biyu an isa. To kai me ya hana ka hawa? Ni ina da dalili. Akwai Hajiya Zali, tsohuwar unguwarmu da za ta zauna wa Balkisa jego, ƙafarta ba ta hawa matakalar tasha. Ga manyan tukwane biyu, ga gero da kanwa da yajin da Inna ta aiko, ga akwatin kayan jariri. Ba mai shiga jirgi da wannan lodi.

Kwana uku ke nan ina shiri. Na kai motar gareji an sa mata tayoyin sanyi duka huɗu. Na sa bakaniken ya koya mini ɗaura sarƙa a taya don kada ta zame a ƙanƙara. Na durƙusa cikin laka, yatsuna sun mutu don sanyi, na ɗaura na kwance har sau uku, sai da hannuna ya iya ba tare da an nuna mini ba. Na zuba ruwan wanke gilashi irin wanda ba ya daskarewa, na cika tanki. Barguna uku, dabino, tocila, ƙaramin shebur, batirin cajin waya biyu. Wallahi, Isuhu, duk abin da na jefa a bayan motar nan sai na ji kamar in kwaɗe ka da shi.

Ka tuna sau nawa na yi maka maganar tayoyinka? Sun suɗe kamar tafin hannu. Sai ka yi dariyar nan taka ka ce, "Yaya, Allah ke tsarewa." Ka rinƙa yi mini tsiya wai ina tuƙi kamar mai dakon ƙwai. Kai da ka yi karatu har ka zama injiniya, ba ka san ba a fafe gora ranar tafiya ba.

Amma ba tayoyi ne ke cin raina ba. Hatsari kowa yana iya yi. Shirun da ka yi shi ne abin da na kasa yafewa.

Ranar Talatar nan ta farkon Maris ka zo gidana ka ci tuwo, ka yi ƙari. Ka ari dutsen guga ka goge farar riga, har da wuyanta, kai da ba ka taɓa damuwa da guga ba. Na tambaye ka ina za a je. Ka ce, "Sai dai ki ji." Na yi dariya, na zuba maka sauran miya a roba ka tafi.

Na kuwa ji. A bakin jandarma, jami'an tsaron ƙasar nan, na ji.

Su ne suka nuna mini takardun da suka samu a motarka. Ashe wani kamfani ne a Lyon ya kira ka ganawar ɗaukar aiki, don ka bar Paris ka koma kusa da matarka da ke karatu can. Abin alheri. Ba ka faɗa mini ba, ba ka faɗa wa Balkisa ba, ba ka faɗa wa ko abokin da kuke zama ɗaki ɗaya ba. Washegari Laraba ka yi sallar asuba ka sulale.

Na san inda ka samo wannan hali, nono ɗaya muka sha. A gidanmu ba a faɗin ranar tafiya, sai dai a wayi gari a ga jaka a bakin zaure. Abin da bai tabbata ba ba a kai shi bakin mutane. Kullum Inna tana cewa, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." To, can gida wannan yana da kai. In motarka ta mutu tsakanin Damagaram da Maradi, kafin ka gama share gumi mai babur ya tsaya, mai amalanke ya leƙo, wani ma ya san babanka. Nan fa? Ƙauyen Turawa ranar da ƙanƙara ke zuba, kowa ya kulle ƙofarsa. Shekara takwas kana ƙasar nan ba ka gane bambancin ba.

An ce babbar hanya ta cushe, ka ji tsoron makara, ka bi wata ƴar hanyar gona da waya ta nuna maka. Can ƙanƙarar nan da ba a gani a kan kwalta ta ɗebe motar ta jefa ta kwazazzabo.

Ka san abin da likita ya faɗa mini? Ƙafarka ce kawai ta karye. Ba faɗuwar ce ta kashe ka ba, sanyi ne, kuma ka daɗe da rai. Daga kai sai farar rigar nan da ƴar kwat marar kauri da takalmin ofis. Babu bargo, babu ruwa, waya ta mutu babu caji. Sai washegari wani manomi ya hango motar.

Ni kuwa ranar Larabar ina kasuwar Barbès, ƙarƙashin gadar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, ina zaɓen albasa. Na kira ka sau biyu ka zo ka kama mini kaya, waya a kashe. Na yi tsaki na ce malalaci yana barci. Malalaci na kira ka, Isuhu, a daidai lokacin da kake kwance kana jiran wanda zai neme ka. Balkisa tana aji, ta ɗauka kana wurin aiki. Da mutum ɗaya ya san ka fita, da kafin azahar an tayar da jandarma. Ka cuce ni da ka bar mini wannan tsakin, har yau yana kunnena.

Duk wanda ya zo gaisuwa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Da kai nake ja.

Ga kuma abin da ba ka sani ba. A satin nan Balkisa ta fara zargin tana da ciki, ta ce bari ta tabbatar tukuna kafin ta faɗa maka. Kana ɓoye mata albishir, tana ɓoye maka albishir. Ka tafi ba ka san kana da ɗa ba.

Jiya Inna ta kira ni. Ta yi mini addu'a, sannan ta rage murya ta ce kada in faɗa wa kowa ranar da zan tashi. Ita har yanzu gani take wani ne ya ji labarin tafiyarka bakinsa ya kama ka. Na kasa ce mata babu wanda ya ji, kuma rashin jin ne ya kashe mata ɗa. Tsohuwa ce, ya ishe ta. Na ce to. Tun da nake ban taɓa ce wa Inna to na saɓa ba, kai shaida ne. Kuma tunda a intanet zan sa wannan takarda, na san kafin gobe wani zai karanta mata ita, ranta ya ɓaci, wataƙila ta yi wata ba ta ɗauki wayata ba. Na ji, na ɗauka. Gara ta yi fushi da ni ina da rai.

Don haka ga shi ina faɗa maka a fili, duk mai karantawa ya ji tare da kai. Gobe Asabar, ƙarfe takwas na safe, in Allah Ya yarda, zan tashi daga Paris, ni da Hajiya Zali, a ƙaramar mota ruwan toka. Babbar hanya zan bi, ba zan kauce mata ba ko za a wuni a cunkoso. Duk inda na tsaya zan aika wa Balkisa saƙo. In la'asar ta yi ba a ji ni ba, kada a ce barci nake, kada a jira. A neme ni.

Dole in isa, ƙanena. A ƙasar nan kaf yaron nan ba shi da dangin uba sai ni. Dole a samu wadda za ta karɓe shi daga hannun uwarsa ranar suna, ta ce namu ne. Wadda za ta gaya masa wata rana cewa babansa ya taɓa goya yayarsa har gida da kunama ta harbe ta, alhali ta fi shi nauyi. Ina tsoron hanyar nan ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ban san ta wace mararraba ka kauce ba, kuma na san duk wadda na wuce sai na kalle ta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sa sanyin da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinka, Ya raya abin da ka bari, Ya sanyaya zuciyar Inna. Ya kai mu lafiya, Ya kiyaye duk wanda ke kan hanya.

Da ka faɗa mini, Isuhu, da na zo.

Yayarka da har yanzu ba ta huce ba,
Hadiza