Shurin da Na Kulle

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Umma? Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya.

Yaya, ina cikin matsala. Kin san wasan bidiyon da muke haɗawa a ofis, wanda jarumi ke tafiya daga hagu zuwa dama yana jibgar 'yan daba. Wata uku muna musu: a ba mai wasa duk salon dukan tun farko, ko a kulle wasu sai ya yi nisa? Ni na kafe sai an kulle, da bakin nan nawa da kika sani, har Oga ya bar min aikin.

Jiya aka tura wasan ga kamfanin da zai saya. Yau da safe na buɗe sabon kwafi a teburina, sai na tarar ƙaton da ke tsare mataki na biyu ba ya faɗuwa sai da shurin sama. Shurin kuwa na kulle shi sai mataki na huɗu. Babu mahaluƙin da zai wuce wurin. Sau goma sha ɗaya na gwada.

Ban gaya wa kowa ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa. Na gode da addu'a, a gaida Umma.

Kamfanin ya gano, ya dawo da wasan. Oga ya tara mu, bai ko dube ni ba. Sai ya ɗora laifin a kan mai gwajinmu, matar da aikinta shi ne ta buga wasan daga farko zuwa ƙarshe, ya ce ta kwashe kayanta ranar Litinin. Shekararta shida a wurin, ita ta koya min aiki.

Yaya, kwafin da ta gwada ni na ba ta, komai a buɗe, don kada ta ɓata min lokaci. Ta sani sarai. Ta kalle ni sau ɗaya, ta ce da Oga, "To, na ji."

Ina tsoron Oga, ina tsoron zaman gida, ina tsoron idon Umma in ta ji. Amma na yi niyyar shiga ofishinsa Litinin kafin mai gwajin ta iso, in faɗa masa laifina ne.

Na san halina, shi ya sa na rubuto. Ki kira ni ƙarfe goma ranar Litinin. In kika ji na fara kame-kame, ga lambar Oga a bayan takardar nan, ki faɗa masa da kanki.

Ƙaninki,
Auta